Izini Tsakanin Na'urori: Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Kwamfuta Amsa Kiran 'Yar'uwarta

Gabatarwa

A farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a hannun jama'a. Manoman rake na Makarfi da Kudan, da masu tumatir na Ikara, waɗanda suka saba da cinikin hannu da hannu, sai ga su sun koma ga na'urar POS da tura kuɗi ta waya. A wancan lokaci, da zarar ciniki ya ƙi tafiya, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Babu netwok." Alhali kuwa abubuwa da dama ne ake tarawa a ƙarƙashin wannan kalma guda. Wani lokaci hanya ce ta cunkushe. Wani lokaci na'urar da ake kira ce ba ta aiki. Wani lokaci kuma komai lafiya lau yake, izini ne kawai babu.

Wanda bai iya rarrabe waɗannan ba zai ɓata lokacinsa, wani sa'in har da dukiyarsa, yana maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai yadda ake bin diddigin irin wannan matsala bisa tsarin kimiyya. Za mu ɗauki misalinmu daga manyan kwamfutoci na kamfanin IBM, domin a nan ne aka shimfiɗa ƙa'idojin izini dalla-dalla, sannan mu gwada su da abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa a gonakinmu.

Uwar Kwamfuta da 'Yan Hayarta

Uwar kwamfuta ita ce gawurtacciyar na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama da hukumomin gwamnati na ƙasashe da yawa suke aza mata lissafin miliyoyin mutane. Kakar irin waɗanda ake amfani da su a yau ita ce System/360, wadda IBM ya sanar da fitowarta ranar 7 ga Afrilu, 1964. Zuriyarta ba ta yanke ba, domin an fitar da z16 a 2022, aka kuma fitar da z17 a 2025.

Da yake na'urar tana da tsada ƙwarai, sai masana suka nemi dabarar da mutane da yawa za su amfana da ita a lokaci guda ba tare da wani ya taka wani ba. A wajejen 1967, a wata cibiyar binciken IBM da ke Kembirij ta jihar Masacusets a Amurka, aka ƙirƙiro wata manhaja mai raba na'ura ɗaya ta zama tamkar na'urori masu yawa. Kowane kaso yana aiki kamar cikakkiyar kwamfuta mai zaman kanta, ga ma'ajiyarsa, ga faifansa, alhali ba shi da gangar jiki tasa ta kansa. Wannan kaso shi za mu kira kwamfutar kwaikwayo. An fitar da wannan tsari kasuwa da sunan VM/370 a 1972, kuma jikansa, wato z/VM, yana nan yana aiki har yanzu.

Mai karatu ya ɗauki uwar kwamfuta a matsayin babban gidan haya. Kwamfutocin kwaikwayo su ne 'yan haya, kowa da ɗakinsa. Manhajar da ke kula da gidan, wadda ake kira CP, ita ce wakilin mai gida. A hannunsa akwai kundin rajista, inda aka rubuta sunan kowane ɗan haya, wanda ba ya wuce haruffa 8, da girman ɗakinsa, da abin da aka yarje masa. Babban aikin wakilin shi ne raba tsakani, yadda ko wuta ta kama a ɗaki ɗaya ba za ta tsallaka na kusa ba.

Sallama Kafin Shiga

To amma zaman tare ba ya yiwuwa sai da magana. Kwamfutar da ke karɓar ciniki tana bukatar ta tambayi wadda ke riƙe da asusu. Saboda haka a 1980 aka shigo da wata hanyar aika saƙo tsakanin 'yan haya, mai suna IUCV. Saƙon ba ya fita daga gidan, ba ya bin waya, wakili ne ke ɗaukarsa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Matakanta suna kama da yadda ake shiga gidan Bahaushe.

Da farko, kowane ɓangare zai sanar da wakili cewa ya tanadi wurin karɓar saƙo, kamar mai gida ya shimfiɗa tabarma a zaure. Na biyu, mai kira zai yi sallama da umarnin CONNECT, ya ambaci sunan wanda yake nema. Na uku, wakili zai buɗe kundi ya duba ko akwai izini. Na huɗu, idan akwai, sai ya sanar da wanda ake nema, shi kuma ya amsa da ACCEPT, ko ya ƙi da SEVER. Sai bayan an amsa ne hanya take buɗewa, saƙonni su riƙa kai da komowa.

Izini kuwa iri uku ne ake rubutawa a kundi. Na farko, a shafin mai kira a rubuta IUCV tare da sunan wanda zai kira, ma'ana an yarje masa ya nemi wannan mutum shi kaɗai. Na biyu, a shafin mai kira a rubuta IUCV ANY, ma'ana ya nemi duk ɗan hayar da ya ga dama. Na uku, a shafin wanda ake kira a rubuta IUCV ALLOW, ma'ana ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa. Idan babu ko ɗaya, wakili zai mayar da mai kira tun daga bakin zaure.

A nan ya kamata ɗalibi ya rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Tantancewa ita ce amsa tambayar "Wane ne kai?" Izini kuwa shi ne amsa tambayar "An yarje maka wannan?" Maƙwabcin da aka san shi sarai an tantance shi, amma duk da haka rubutun "Ba a shiga" da ke jikin ƙofa ya shafe shi.

Darasi Daga Gonar Waken Suya

Irin wannan sallama ta girmi kwamfuta da miliyoyin shekaru. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙwayoyin baktiriya da ake kira raizobiyam, masu ɗebo iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, su mayar da ita taki ga shuka. Ita kuma shukar ta ba su abinci da makwanci.

Ƙasa cike take da ƙwayoyin halitta, da yawansu masu cutarwa, don haka saiwa ba ta buɗe wa kowa. Tana fitar da wasu sinadarai a matsayin kira. Raizobiyam ɗin da ya dace sai ya amsa da nasa sinadarin, wanda ake ce wa alamar Nod, wadda masana a Faransa suka gano ƙirarta a 1990. A jikin gashin saiwa akwai masu karɓa waɗanda ke gane siffar alamar kamar yadda kwaɗo ke gane mabuɗinsa. Idan ta dace, gashin ya lanƙwashe ya rungumi ƙwayar, ya buɗe mata siririyar hanya zuwa ciki. Idan ba ta dace ba, babu abin da zai faru.

Waken suya asalinsa daga ƙasar Sin yake. Ire-irensa da aka kawo daga Amurka suna da tsananin zaɓe, sun fi amsa wa wani jinsin raizobiyam wanda ya yi ƙaranci a ƙasarmu, shi ya sa sai an shafa wa irin garin ƙwayoyin kafin a shuka. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta samar da ire-iren da sunansu ke farawa da TGx, waɗanda ke amsa wa raizobiyam ɗin da ke cikin ƙasarmu tun asali.

Yanzu mu ƙaddara manomi a Hunkuyi ya tuge waken suyarsa bai ga ƙulli ko ɗaya ba. Alama ɗaya ce, amma dalili na iya zama ɗaya daga cikin huɗu. Ko babu ƙwayoyin a gonar sam. Ko shukar ta galabaita da fari ko rashin sinadarin fosfaras, ba ta shirya karɓar baƙo ba. Ko ƙwayoyin suna nan amma alamarsu ba ta dace ba. Ko kuma an zuba takin zamani mai naitirojin da yawa, shukar ta ƙoshi ta ƙi baƙon da kanta, duk da alamarsa daidai ce. Bugu da ƙari, ko komai ya tafi daidai, shuka tana da haddin ƙullin da take yarda ta yi, domin kowane ƙulli cin abincinta yake. Kowane dalili da nasa magani. Wanda ya ƙara urea a gonar da yawan urea ne matsalarta, ya ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Lambobi Biyar

Bambancin saiwa da kwamfuta shi ne, saiwa ba ta da kundi kuma ba ta faɗin dalili, sai an yi gwaji. Wakilin uwar kwamfuta kuwa yana faɗi. Duk lokacin da CONNECT ya gaza, yana mayar da lamba, kuma biyar daga cikinsu su ne ginshiƙin bincike:

Lamba 11: wanda ake kira ba ya nan, wato kwamfutar kwaikwayon ba a kunne take ba.

Lamba 12: yana nan, amma bai tanadi wurin karɓar saƙo ba. Galibi manhajar da ke cikinsa ce ba ta tashi ba tukuna, ko ta faɗi.

Lamba 13: mai kira ya cika adadin hanyoyin da aka yarje masa ya buɗe a lokaci guda.

Lamba 14: wanda ake kira ne ya cika nasa adadin. Ana ƙayyade wannan adadi a kundi da kalmar MAXCONN.

Lamba 15: wakili ya duba kundi bai sami izini ba.

Ɗalibi ya lura cewa a wajen mai amfani da na'ura duk biyar ɗin fuska ɗaya gare su, wato aiki ya tsaya. Amma guda ɗaya ce tak ta shafi izini. Wanda ya sami lamba 15 ya tafi yana kashe na'ura yana kunnawa, zai kwana yana yi ba abin da zai sauya, domin laifin a rubuce yake cikin kundi. Haka nan wanda ya sami lamba 14 ya tafi yana ƙara izini, ya buɗe ƙofar da bai kamata ba, kuma matsalarsa tana nan.

Bincike Mataki-Mataki

Mu ƙirƙiro misali domin koyo. A ce wata ƙungiyar masu mazarƙwaila tana da kwamfutocin kwaikwayo uku a cikin uwar kwamfuta ɗaya. AUNA tana rubuta nauyin kayan da kowane manomi ya kawo, ASUSU tana lissafin kuɗinsa, RAHOTO kuma tana fitar da bayanin mako. Ranar biya sai AUNA ta kasa kai saƙo ga ASUSU, manoma suna jira.

Mataki na farko shi ne lura. A rubuta lambar da ta fito da lokacin da ta fito, kafin a taɓa komai. Mu ce lamba 15 ce. Tun daga nan hasashe ya ragu. Duk da haka mai hankali zai tabbatar da umarnin QUERY NAMES, wanda ke jero duk 'yan hayar da ke kunne, cewa ASUSU tana ciki.

Mataki na biyu shi ne gwajin kwatance. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, idan za a gwada sabon taki, dole a bar wani fili kusa da shi ba a zuba masa ba, in ba haka ba babu yadda za a san ko takin ne ya yi aiki ko ruwan sama. Haka ma a nan. A tambaya: RAHOTO tana samun ASUSU? Idan tana samu, ASUSU lafiyarta ƙalau. A sake tambaya: AUNA tana samun RAHOTO? Idan tana samu, AUNA ma ba ta lalace ba. Ke nan laifin yana kan alaƙar waɗannan biyu kaɗai, daga AUNA zuwa ASUSU.

Mataki na uku shi ne karanta kundi da tambayoyi uku a zuciya. A shafin AUNA akwai IUCV ASUSU? Akwai IUCV ANY? A shafin ASUSU akwai IUCV ALLOW? A misalinmu babu ko ɗaya. Abin da aka tarar shi ne layin IUCV AUNA a shafin ASUSU. Wanda ya rubuta ya yi zaton ma'anarsa ita ce ASUSU ta yarda AUNA ta kira ta. Alhali ma'anarsa ita ce an yarje wa ASUSU ta kira AUNA. Izini yana da fuska, kamar titi mai hannu ɗaya, kuma abin da ake dubawa shi ne wa ya fara sallama. Wannan kuskure ne mai sauƙin aukuwa, domin idan hanya ta riga ta buɗe saƙo yana tafiya ta kowane ɓangare, sai mutum ya manta cewa buɗewar tana da mai farawa.

Mataki na huɗu shi ne gyara abu ɗaya kacal, sannan a gwada. A saka IUCV ASUSU a shafin AUNA. A nan akwai wani tarko. Kundin iri biyu ne: akwai wanda mutum ke rubutawa ya karanta, akwai kuma wanda wakili ke aiki da shi. Sai an ba da umarnin DIRECTXA, ko an bi ta manhajar kula da kundi irin su DirMaint, kafin gyaran ya tashi daga na farko ya shiga na biyu. Wanda ya gyara bai yi wannan ba, kamar wanda ya rubuta wasiƙa ne ya bar ta a aljihu. Wasu gyare-gyaren kuma ba sa kama aiki sai kwamfutar kwaikwayon ta fita ta sake shigowa.

Mataki na biyar, idan lambar ba ta sauya ba, a duba rubutun sunan harafi da harafi, domin sifiri da harafin O suna ruɗin ido. A kuma yi tambayar da likita ke yi: me ya sauya tun ranar da abin yake lafiya? An sake wa wata kwamfuta suna? An dawo da tsohon kundi? Idan kuma wata hidima ce ta shi kansa wakilin ake nema, irin wadda sunanta ke farawa da tauraro kamar *ACCOUNT, to IUCV ANY ba ya wadatarwa, sai an ambaci sunanta.

Akwai hali na ƙarshe, inda CONNECT ya wuce ba tare da lambar kuskure ba, amma nan take hanyar ta yanke. Wannan yana nuna wakili ya yarda, mai ɗakin ne ya ƙi da SEVER, kamar shukar da ta ƙoshi da naitirojin. Manhajoji da yawa suna da nasu jerin sunayen waɗanda suke saurara. A irin wannan hali ba kundin gida za a duba ba, littafin ayyukan ita manhajar za a buɗe. Inda kuma aka girka manhajar tsaro kamar RACF, wadda ta fito a 1976, a duba nata bayanan su ma.

Haɗarin Buɗe Ƙofa ga Kowa

Mai gaggawa zai ce, me zai hana a rubuta IUCV ALLOW a shafin ASUSU a huta? Lalle matsalar za ta gushe nan take. Amma daga ranar, kowane ɗan haya a gidan, har da wanda ɓarawo ya riga ya shiga ɗakinsa, yana iya ƙwanƙwasa ƙofar ma'ajiyar kuɗi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Manomin dawa da masara ya san sakamakon kiran da ba a ambaci suna ba. Saiwar waɗannan hatsi tana fitar da wani sinadari domin gayyatar wasu fungai masu taimaka mata wajen tsotso fosfaras, kamar yadda masana a Japan suka nuna a 2005. Sai dai irin wuta-wuta, wato ƙuduji, wanda ke iya kwantawa cikin ƙasa fiye da shekara goma, shi ma wannan kira yake jira. Da ya ji shi sai ya tsira, ya liƙe wa saiwar, ya tsotse ta. Saboda haka ƙa'idar masana tsaro ita ce a ba kowa mafi ƙarancin izinin da aikinsa ke bukata. Ƙin amincewar da na'ura ta yi sau da yawa shaida ce cewa mai gadi yana bakin aikinsa.

Lambobin da ke Kan Rasiɗin POS

Kowace irin kwamfuta ce ke bayan banki, tunanin ɗaya ne. Saƙonnin katin banki suna bin wani tsarin duniya mai suna ISO 8583, wanda aka fitar a 1987, kuma rasiɗin da POS ke bugawa yakan ɗauki lambar amsa. Lamba 00 tana nufin an amince. Lamba 51, kuɗin asusu bai kai ba. Lamba 54, wa'adin kati ya ƙare. Lamba 55, lambar sirri ba daidai ba ce, wato matsalar tantancewa, kuma wanda ya ci gaba da maimaita kuskuren zai sa a rufe katin. Lamba 57, ba a yarje wa mai katin irin wannan ciniki ba, wato matsalar izini, maganinta yana banki. Lamba 61, an wuce haddin cira. Lamba 91, ba a sami bankin mai kati ko na'urar da ke haɗa bankuna ba, kuma ita ce ta fi cancantar a ce mata "babu netwok". Wanda ya sami 91 ya adana rasiɗin, ya duba asusunsa kafin ya sake sa kati. Babu kuma lamba ko ɗaya a cikin waɗannan da maganinta shi ne a faɗa wa wani lambar sirri.

Aikin Aji

1. A tuge gyaɗa ko wake mai kimanin mako shida daga gonaki biyu, ɗaya an zuba mata urea, ɗaya ba a zuba ba. A ƙirga ƙullin saiwa, a tsaga wasu da reza. Ja-ja a ciki alama ce ƙwayoyin suna aiki, fari ko kore alama ce ba sa yi. A rubuta sakamako a jadawali.

2. RAHOTO ta kira AUNA ta sami lamba 12. Ina za a fara dubawa, kuma me ya sa gyaran kundi ba zai amfana ba?

3. AUNA tana samun ASUSU da safe, amma da rana idan ciniki ya yi yawa sai kira ya gaza. Waɗanne lambobi biyu ake zato?

4. Malami ya raba aji: ɗalibi ɗaya wakili mai riƙe da kundi, sauran 'yan haya. A ɓoye kuskure ɗaya a kundin, a bar ajin ya gano shi da tambayoyi kaɗai.

Kammalawa

Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne tsarin, ko da lambobin sun kuɓuce masa. A lura a rubuta kafin a taɓa. A jero duk dalilan da ke iya haifar da alamar. A yi gwajin kwatance domin rage su. A sauya abu ɗaya a lokaci guda. Idan an gano izini ne, a ba da daidai gwargwadon bukata, ga wanda ya dace, ta fuskar da ta dace. Wannan tsari shi injiniyan kwamfuta ke bi, shi malamin gona ke bi, shi kuma ma'aikacin asibiti ke bi kafin ya ce zazzaɓin nan na sauro ne ko na taifot.